Taliya a Tukunya, Verdi a Kunne: Fashin Baƙi kan Littattafan Girkin Italiya Masu Zuwa da Kiɗa

A shekarun 1990 wani nau'in littafin girki ya yi tashe a kantunan Landan da New York. A ciki bayanin dafa abincin Italiya ne, a bangon baya kuma an maƙala faifan CD. Mai saye zai buɗe shafin da ake koyar da dafa shinkafa irin ta Milan, sai ya tarar an ce ya kunna waƙa kaza daga faifan. Antonio Carluccio, ɗan Italiyan da ya yi suna da gidan abincinsa na titin Neal a Landan da shirye-shiryensa a talabijin ɗin BBC, ya fitar da irinsa mai suna Music and Menus from Italy, inda ya jera girke-girke da fitattun waƙoƙin opera. A Amurka wata makaɗiya ta San Francisco, Sharon O'Connor, ta mayar da abin sana'a, ta riƙa buga jerin littattafai da sunan Menus and Music, kowanne da kiɗansa, har da na Italiya. A 2006 Francine Segan ta fitar da Opera Lover's Cookbook, wanda ya tsara liyafa iri-iri bisa wasannin opera.

Da'awar waɗannan littattafai kashi biyu ce. Na farko, abincin Italiya da kiɗanta 'yan gida ɗaya ne. Na biyu, kowane kwano yana da waƙar da ta dace da shi. Kashin farko gaskiya ne, kuma akwai takardun da suka tabbatar da shi tun ƙarni na 16. Na biyun kuwa, a ganina, kasuwa ce ta haife shi, kasuwar ma ta wajen Italiya. Abin da ya haɗa ci da kiɗa a Italiya tun asali shi ne lokaci: me ke zuwa bayan me, kuma da me za a cike tazarar da ke tsakani.

Ga wanda bai saba da ita ba, opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa tun daga farko har ƙarshe, tare da tawagar makaɗa. An fara ta a Florence wajen shekarar 1600, aka buɗe gidan kallonta na farko da kowa zai biya ya shiga a Venis a 1637.

Liyafar Ferrara

Littafin girki mai ɗauke da kiɗa ya girmi opera kanta. A 1549 aka buga wani littafi a Ferrara na Cristoforo di Messisbugo, mai kula da liyafar fadar gidan sarautar Este, wanda ya rasu shekara guda kafin fitowarsa. Littafin ya ƙunshi ɗaruruwan girke-girke, amma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne rahoton liyafar da mutumin ya shirya da hannunsa. Yana lissafa abin da aka ɗora a tebur a kowane zagaye, sannan ya faɗi abin da aka kaɗa a lokacin: muryoyi nawa, sarewa nawa, goge nawa, ƙaho nawa.

Mafi shahara ita ce liyafar 24 ga Janairu 1529, wadda Ercole d'Este ya shirya ba da daɗewa ba bayan ya auro Renée, 'yar sarkin Faransa. Baƙi sun haura ɗari. Kafin a zauna cin abinci an nuna wasan barkwanci na marubucin nan Ariosto mai suna La Cassaria. Da aka zauna, kowane zagaye ya zo da nasa makaɗan. Akwai kiɗan da Alfonso della Viola, mai tsara kiɗan fadar, ya shirya. Akwai kuma inda ɗan wasan nan Ruzante ya fito da mutanensa cikin kayan ƙauyawa suna waƙoƙin karkarar Padua. Masana tarihin kiɗa har yau suna komawa wannan littafin girkin don sanin kayan kiɗan da ake haɗawa a wancan zamanin, domin takardun kiɗan kansu ba kasafai suke faɗin wane kayan kiɗa zai ɗauki wane layi ba. Wato mai lura da tukwane ne ya adana wa makaɗa wani ɓangare na tarihinsu.

Abin lura shi ne yadda Messisbugo ya yi amfani da kiɗan. Liyafa irin wannan tana cin sa'o'i da yawa, barori na kwashe kwanuka suna jera wasu, ana kawo ruwa mai ƙamshi na wanke hannu. Kiɗan shi ke sanar da cewa an shiga sabon zagaye, shi ke rufe ƙarar kwanuka, shi ke hana baƙi gajiya. Sauya makaɗa daga zagaye zuwa zagaye nuna arziƙi ne, kamar yadda barbaɗa sukari da kirfa a kan nama da taliya yake nuna arziƙi a lokacin. Miyar tumatir kuwa babu ita a teburin sam. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo, kuma sai ƙarshen ƙarni na 17 miyarsa ta bayyana a littafin girkin Antonio Latini a Napoli. Taliya da tumatir a haɗe sai daga baya ta shiga littattafai, irin na Ippolito Cavalcanti na ƙarshen shekarun 1830. Duk littafin zamani da ya ɗora maka jar taliya ya ce ka ci da kiɗan ƙarni na 16, ya haɗa abubuwa biyu da ba su taɓa zama tebur ɗaya ba.

Da opera ta bunƙasa, ci ya bi ta har cikin gidan kallo. A ƙarni na 18 da farkon na 19, gidajen opera na Italiya, har da La Scala ta Milan da aka buɗe a 1778, sun fi kama da gidan biki fiye da wurin da ake natsuwa. Attajirai suna da ɗakunan kallo na kansu, a nan suke karɓar baƙi, su ci, su sha, su yi hira, ga caca a zaure. Har akwai waƙar da ake kira aria di sorbetto, wadda ake bai wa ƙaramin ɗan wasa ya rera can wajen ƙarshen wasa, lokacin da masu kallo suka shagala da shan ƙanƙara mai zaƙi. Waƙar 'yar aikin nan Berta a wasan Rossini na Wanzamin Seville, na 1816, irinta ce. Mai tsara kiɗan ya san ba kowa ke saurare ba, don haka ba ya ɓarnatar da babbar zabiyarsa a wurin. Natsuwar da ake gani yau a gidajen opera daga baya ta zo, kuma Arturo Toscanini, wanda ya karɓi jagorancin kiɗa a La Scala a 1898, yana cikin waɗanda suka dage a rage fitilu, a kama baki.

Masu kiɗan da sunayen da aka laƙaba wa kwanuka

A nan ne littattafan suka fi samun abin faɗi, a nan ne kuma gaskiya da almara suka fi cakuɗewa.

Gioachino Rossini shi ne sarkinsu. An haife shi a Pesaro a 1792, ya tsara opera 39, ya ajiye sana'ar a 1829 yana da shekara 37, sannan ya rayu har 1868. Son cinsa ba ƙage ba ne. Da ya koma Paris da zama a 1855, wasiƙunsa cike suke da saƙon cuku da kayan ƙwalama daga Italiya. A cikin ƙananan kaɗe-kaɗen fiyano da ya tsara da tsufansa akwai guda huɗu da ya sa wa sunan abin buɗe baki: radis, ƙananan kifaye masu gishiri, kokwamba mai tsami, da man shanu. Wasu huɗun kuma busasshen ɓaure, almon, zabibi da hazel. Wannan kam kiɗa ne da mai shi da kansa ya ɗaura wa abinci, ko da yake da raha ya yi.

Akwai kuma labarin da marubucin Faransa Stendhal ya kawo a tarihin Rossini da ya rubuta tun mutumin yana raye. Ya ce waƙar Di tanti palpiti ta wasan Tancredi, na 1813, an san ta da waƙar shinkafa, wai don Rossini ya tsara ta cikin minti huɗun da yake jiran a dafa masa shinkafa. Stendhal ba ya ƙin ƙara wa labari gishiri, don haka a ɗauke shi a haka. Amma ko ƙage ne, dubi abin da labarin ya haɗa waƙar da shi: tsawon lokacin dahuwa.

Shi kuwa abincin da ya fi kowanne ɗaukar sunansa, tournedos Rossini, girkin Paris ne tsantsa. Tsokar naman shanu ce mai laushi, a ɗora mata hantar dinya ko agwagwa da aka yi wa kiwon ɗure, da wani naman kaza mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, da romo mai giyar Madeira. An danganta ƙirƙirarsa ga masu dafuwa daban-daban na Paris, kowa da nasa labarin. A garinsu Pesaro kuma, abin da ake kira pizza Rossini pizza ce da aka jera wa dafaffen ƙwai aka zuba mata mayonis, kuma ta zo ne da daɗewa bayan mutumin ya kwanta dama.

Giuseppe Verdi daban ne, kuma hujjojinsa sun fi ƙarfi. Ɗan mai masauƙi ne daga Le Roncole kusa da Busseto, a yankin Parma, kuma da ya yi kuɗi ya zama babban manomi a gonarsa ta Sant'Agata, yana bin lissafin shanu da hatsi da kansa. Yana aika wa abokansa kafaɗar alade mai gishiri ta garin San Secondo, ya haɗa da wasiƙar yadda za a jiƙa ta a cire gishirin, da sa'o'in da za ta yi a wuta. A 1869 matarsa Giuseppina Strepponi ta aika wa Camille du Locle a Paris bayanin yadda Verdi ke dafa shinkafarsa. Wannan girki ne na gaske daga gidan mai kiɗa na gaske. Giacomo Puccini, ɗan Lucca, lokacin yana ɗalibi a Milan ba shi da ko sisi, ya rubuta wa mahaifiyarsa ta aiko masa da ɗan man zaitun na gida ya ci wake da shi. Da ya samu duniya ya tare a Torre del Lago yana harbin tsuntsayen tafki.

Sai pasta alla Norma, wadda kusan babu littafin irin wannan da ya tsallake ta. Girkin Catania ne a tsibirin Sisili: taliya, miyar tumatir, soyayyen babban yalo baƙi, ganyen ɗoɗɗoya irin tasu, da busasshen cuku mai gishiri da ake gogawa a kai. Sunan daga wasan Norma ne na Vincenzo Bellini, ɗan Catania, wanda aka fara nunawa a La Scala a Disamba 1831. Bellini ya rasu a 1835 yana da shekara 33. Labarin da ake bayarwa shi ne marubucin wasanni Nino Martoglio, wanda ya rasu a 1921, shi ya ɗanɗana girkin ya ce wannan ai Norma ce, yana nufin ya kai maƙura. Idan haka ne, Bellini bai taɓa jin an kira taliya da sunan wasansa ba. Yabo ne na 'yan gari ga ɗan garinsu, kuma hakan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan sunayen sai su tsallaka teku. Kaza Tetrazzini, mai ɗauke da sunan zabiyar Florence Luisa Tetrazzini, a Amurka aka ƙirƙire ta a farkon ƙarni na 20, kuma San Francisco da New York suna jayayya a kan wa ya fara. Miyar Caruso, ta kirim da naman alade da naman kaza, ta Uruguay ce, an yi ta a Montevideo shekaru da dama bayan mutuwar Enrico Caruso a 1921. Ka nemi ɗayansu a gidan abinci a Napoli ka ga irin kallon da za a yi maka.

Me ya sa Landan da New York?

Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin 1880 da 1924 'yan Italiya fiye da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, mafi yawansu talakawan kudu. Sun tarar da raini. Abu biyu ne nasu da mai gida ya yarda suna da daraja: murya da girki. Caruso, ɗan Napoli, ya naɗi faya-fayansa na farko da suka yi fice a Milan a 1902, ya fara waƙa a gidan opera na Metropolitan a New York a 1903, muryarsa ta shiga gidajen baƙin haure ta na'urar garmaho. Ɗan ci-ranin da ake yi wa kallon lebura yana iya nuna faifan ya ce wannan namu ne. A gidajen abincin da suka buɗe, kiɗan da miyar tumatir suka zama tuta ɗaya.

'Ya'yansu suka ɗora. Dean Martin ya rera That's Amore a 1953, waƙar da ta ambaci pizza da taliya da wake, kuma wanda ya tsara kiɗanta, Harry Warren, asalin sunansa Salvatore Guaragna. Gidan abincin Patsy's na New York, wanda aka buɗe a 1944, ya yi suna da kasancewa wurin cin mawaƙin nan Frank Sinatra. Saboda haka littattafan Amurka sukan zo da faifai iri biyu, ko na opera, ko na su Sinatra da Louis Prima. Na biyun kiɗan Amurka ne na jikokin Italiya, yadda taliya da dunƙulen nama a kwano ɗaya girkinsu ne na can, ba na ƙauyukan da kakanninsu suka baro ba. Wannan haɗin yana da gaskiyarsa, sai dai gaskiyar Brooklyn ce.

Abin da ya mayar da wannan ɗabi'a hajar kanti ya faru a 1990. Italiya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya, BBC ta ɗauki waƙar operar nan Nessun dorma da muryar Luciano Pavarotti ta yi taken shirinta. Ranar 7 ga Yuli, jajibirin wasan ƙarshe, Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras suka yi waƙa tare a kufan wankan Caracalla a Roma, faifan taron ya zama wanda ya fi kowane faifan kiɗan gargajiyar Turai kasuwa. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa taka gidan opera ba suka san 'yan waƙoƙi biyar ko shida. Pavarotti kansa, ɗan mai gasa burodi daga Modena, wanda son cinsa ba ɓoyayye ba ne, ya zama hoton haɗin baki ɗaya.

Ga kuma lissafin mai buga littafi. Faifan CD siriri ne, buga shi ba tsada, yana shiga bangon littafi ba tare da ya ɓata shi ba. Kiɗan Rossini da Bellini da Verdi ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, sai dai a biya kuɗin naɗin da aka ɗauka, kuma tsofaffin naɗe-naɗe suna da sauƙi. Waƙoƙin zamani da 'yan Italiya ke ji a rediyonsu kuwa sai an biya masu su. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa Italiyar waɗannan littattafai ta tsaya cak a ƙarni na 19. Littafi da faifai kuma kyauta ce mai kyan gani a lokacin Kirsimeti. Da Spotify da ire-irensa suka kashe kasuwar CD, sai faifan ya koma jerin sunayen waƙoƙi a gefen shafi, ko lambar da ake haskawa da waya, wanda ba ya cin mai littafi ko kwabo.

Shin kiɗa na sauya ɗanɗano?

Yana taɓawa, amma ba yadda bangon littafi ke nunawa ba. Charles Spence na jami'ar Oxford ya daɗe yana binciken yadda gaɓɓan ji ke shiga aikin juna. A 2004 shi da Massimiliano Zampini suka nuna cewa idan aka ƙara ƙarar ƙurmusar soyayyen dankali a kunnen mai ci, sai ya ji ya fi sabunta. A 2012 ɗakin bincikensa, tare da gidan abincin Fat Duck na Heston Blumenthal, ya ba mutane alewa iri ɗaya, waɗanda suka ci da sauti mai kauri suka ji ta fi ɗaci, da siririn sauti kuma ta fi zaƙi. Bambancin na gaske ne amma kaɗan ne, kuma sautin an ƙera shi musamman don gwajin, ba waƙar Verdi ba ce mai hawa da sauka.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne tasirin kiɗa a kan hali. A 1997 Adrian North da abokan aikinsa na jami'ar Leicester suka riƙa kunna kiɗan Faransa da na Jamus a ranaku daban-daban a wani babban kanti. Ranar kiɗan Faransa giyar Faransa ta fi tafiya, ranar na Jamus ta Jamus, kuma kaɗan ne cikin masu sayen suka yarda kiɗan ya shafe su. Tun 1986 Ronald Milliman ya nuna cewa kiɗa mai sanyi na sa masu cin abinci su daɗe a tebur, su ƙara kashe kuɗi a abin sha. Wato idan ka kunna waƙar Napoli, mai ci zai ƙara jin cewa abin da ke gabansa na Italiya ne, kuma saurin kiɗan zai taɓa saurin cinsa. Akwai kuma binciken da ya nuna ƙara mai yawa na dusashe jin zaƙi da gishiri, wanda ba albishir ba ne ga wanda ke son ya ƙure muryar mawaƙin opera a kan tebur.

Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa tsaurin ra'ayi a kan girkin Italiya ya riga ya faɗi haka. Filippo Tommaso Marinetti, jagoran masu aƙidar fasahar gobe, ya buga sanarwarsa kan girki a wata jaridar Turin a Disamba 1930, inda ya nemi a daina cin taliya kwata-kwata, wai tana sa kasala, kiran da ya yi daidai da manufar gwamnatin Mussolini ta rage sayen alkama daga waje. Littafinsa da Fillìa na 1932 cike yake da abubuwan ban dariya. Akwai abincin da za ka ci da hannun dama, hagu tana shafa yashin goge katako da karan-miski da siliki, ana jiyo ƙarar injin jirgin sama da kiɗan Bach daga kicin. Duk da wannan hauka, a sanarwar ya ce a taƙaita kiɗa a tazarar da ke tsakanin kwano da kwano, don kada ya ɗauke hankalin harshe, kuma ya share ɗanɗanon da ya wuce. A wannan gaɓar shi da mai liyafar Ferrara ba su yi nisa da juna ba.

Akwai wata matsalar da masu littattafan ke kawar da kai daga gare ta, wato abin da waƙoƙin ke faɗi. Norma ta ƙare ne da matar tana shiga wuta. A wasan Tosca na 1900, wuƙar da Tosca ta soke azzalumin nan Scarpia da ita daga teburin abincin darensa ta ɗauke ta. Violetta ta La traviata, wadda waƙar ɗaga kofinta ke buɗe rabin faya-fayan nan, tarin fuka ya kashe ta. Nessun dorma ana rera ta ne a daren da aka yi wa mutanen gari barazanar kisa idan ba su gano sunan baƙo ba. Matasan La bohème yunwa da sanyi suke fama da su. Ga wanda ba ya jin Italiyanci duk wannan daɗin murya ne kawai, shi ya sa abin ya fi karɓuwa a waje. Wurin cin abinci mafi kyau a opera ta harshen Italiyanci ma, ƙarshen Don Giovanni na Mozart na 1787, inda mai gidan ke ci makaɗansa na kaɗa masa waƙoƙin da ake yayi, har ya yaba giyar Marzemino, ya ƙare ne da an ja shi zuwa wuta.

Inda haɗin ya fi ma'ana shi ne inda littafi ya bi yanki. Italiya ta dunƙule ne a 1861, kuma har Pellegrino Artusi ya buga littafinsa a 1891, wanda ya tattaro girke-girken yankuna cikin harshe ɗaya, kowane gari da tukunyarsa. Littafin da ya ɗora Verdi a kan cukun Parma, Bellini a kan yalon Catania, Puccini a kan wake da man zaitun na Lucca, yana koya wa mai karatu taswira ta gaskiya. UNESCO ta sa Parma cikin biranen girki a 2015, ta sa Pesaro cikin biranen kiɗa a 2017, a shekarar kuma ta karɓi sana'ar masu yin pizza na Napoli cikin gadon al'adu, sannan rera opera ta Italiya a 2023. Haka nan littafin da ya bi tsarin cin Italiya, abin buɗe baki, sai taliya ko shinkafa, sai nama ko kifi, sai kayan zaƙi, sai gahawa, ya raba kiɗan bisa waɗannan zagaye, yana kan tsohuwar hanya.

'Yan Italiya na wannan zamani suna da nasu salon da ba kasafai yake shiga littattafan waje ba. Fabrizio De André ya fitar da waƙa a 1990 da harshen Genoa mai suna 'Â çímma, wadda ke bin mai dafuwa tun wayewar gari yana cusa haɗi a cikin naman maraƙi, yana ɗinkewa, yana tsoron kada ya fashe a tukunya. Massimo Bottura na Modena ya ƙirƙiro wani baƙin kwano na kifi don girmama makaɗin jaz Thelonious Monk. A 2021 kamfanin taliya na Barilla, wanda aka kafa a Parma a 1877, ya haɗa kai da Spotify ya fitar da jerin waƙoƙi da tsawon kowanne ya yi daidai da mintunan dahuwar wani nau'in taliya. Ka zuba taliya, ka kunna, kiɗa na tsayawa ka tace. Talla ce, ba shakka, amma ta fi yawancin littattafan amfani a bakin murhu.

Mai karatu na wajenmu da irin wannan littafi ya faɗo hannunsa zai ci karo da abu biyu tun a shafukan farko, naman alade da giya. Girkin Parma da Modena, wato yankin Verdi da Pavarotti, ya dogara ƙwarai da alade, shinkafar arewa kuma galibi ana zuba mata farar giya tun farkon dahuwa. Giyar ana iya maye ta da romo da ɗan ruwan lemun tsami. Girkin kudu ya fi sauƙin ɗauka yadda yake, kuma pasta alla Norma ba ta da nama ko giya ko kaɗan. Abin da zai yi wuyar samu shi ne cukun da ake gogawa a kai. Busasshen cukun Nijar, in an daka shi an ƙara masa gishiri, zai iya tsayawa a wurin, ko da yake ɗanɗanonsa daban ne. Yalon a yanka shi, a barbaɗa masa gishiri ya tsane ruwa kafin a soya, kuma a soya shi daban, sai an zo ci a ɗora a kan taliyar.